Gidanmu na jikin ganuwa

Zuwa ga yayana Hilal ɗan Barakat, a Iskandariyya.

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiya da buɗi, kai da iyalinka. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, matata Zumurrud ta sauka lafiya an samu mace, zaitun kuma ya yi kyau bana.

Yaya, gara ka ji daga bakina kafin fataken Halab su kawo maka da gishirinsu: gidan Baba babu shi. Da aka ji mayaƙan Faranjawa, Turawan nan, na taruwa a bakin teku, amirin gari ya ba da umarni a faɗaɗa gwalalo, a rushe duk gidan da ya jingina da ganuwa ta waje. Ka san namu ko bangon baya ba shi da shi, ganuwar ce bangonmu. Ni aka ba aikin sashen nan, kuma ban ja da baya ba, don magini ya san gaskiya ne. Sai dai Umma ta kafe. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ce a nan ta haife mu, a nan aka wanke mijinta, in na isa in rushe da ita a ciki. Sojoji kuwa sun ce ranar Juma'a za su fitar da ita ko tana so ko ba ta so. Wallahi wannan ne ya hana ni cin abinci, a ce ina raye a ja uwata a ƙasa.

Da lallashi ya ƙi, sai na roƙe ta abu ɗaya, ta hau saman ganuwa tare da ni ta yi wa gidan kallon ƙarshe. Ta hau tana zagina a kowace matakala, wai na girma na zama gatarin amiri. Na tsayar da ita daidai saman soronmu. Ta leƙa ta ga tsakaninmu da rufin bai fi tsayin mutum biyu ba. Can sai ta kwashe da dariya. Ta ce ashe ta nan kai Yaya kake haurowa satar ƙwan tantabarun masu gadi kana yaro, ga ƙiba ga tsoro, ko tsani babu. Ta ce in Hilal ya hau, to jakin Faranjawa ma zai hau. Daga nan dariyar ta koma kuka, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Sharaɗi ɗaya ta kafa. Ginshiƙin farin dutsen nan na tsakar gida kada ya tafi gidan kowa, a sa shi cikin ganuwa. Haka na yi. Na kwantar da shi a tsakiyar ginin kamar yadda muke yi, don ko an haƙo ta ƙarƙashi ya riƙe abin da ke samansa. Ina gaya maka, sashen nan ba zai faɗi ba sai dai ikon Allah. Yanzu muna cikin gari kusa da ƙofar masu sabulu, ɗaki biyu ne, amma haƙuri ya fi faɗin gida.

Na san kana da gado a gidan, kuma ban jira izininka ba. In za ka yi fushi, kana da hakki. Amma Umma ta ce lallai in rubuta maka cewa kada ka kuskura ka ɗora mini laifi, don ba ni na rushe gidan ba, kai ka rushe shi tun kana ɗan shekara tara.

Ka gaishe da Mahasin da yara, Sabit da Nasru, da Kawu Mufarrij. Umma tana sa maka albarka.

Ƙaninka,
Ganim magini