Miƙa Aiki a Gaban Gado

Zuwa ga uwar ɗakina a aikin jinya, Sista Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da gwiwar nan da kike ɓoye wa kowa ciwonta. Saƙonki ya iso, cewa kin yi magana da manya, in ina so za a mayar da ni Legas. Ga amsata.

Tun da gwamnati ta dawo da mazauninta Abuja aka kwaso mu tare, ban sami babbar da zan jingina da ita ba. Asibitin sabo fil, har warin fenti yake, amma babu tsari. An damƙa mini ɗakin maza, ni da a wurinki ko allura na zuƙa sai kin duba. In abu ya shige mini duhu nakan waiga, sai in tuna kina can.

Ina tuna yadda kike jan mu gado-gado lokacin miƙa aiki. Kikan ce, "Ba a miƙa mutum a kan tebur. Ku zo gabansa, ya ji abin da kuke faɗa a kansa." Mu kuwa muna bayanki muna gunaguni, ƙafafu sun gaji.

A nan kowa da salon garin da ya fito. Ma'aikaciyar jinyar da ta tashi daga aiki sai ta rataya jaka ta ce komai lafiya. Kwanan baya wani dillalin shanu daga Dei-Dei, da sa ya soka da ƙaho a cinya, ya wuni ba a wanke masa ciwon ba, kowace tana zaton 'yar'uwarta ta yi. Da na kwance bandejin sai da na yi hawaye.

Ranar na tare ƙofa, na ce ba mai fita sai mun bi gadajen nan. Sun ji haushina, Sista. Oga Legas suke kirana, abinci ma ni kaɗai nake ci. Amma sun fara bi, shugaban asibiti kuma ya ce in abin ya ɗore zai mayar da shi doka. In na tafi yanzu, washegari za su koma tebur.

Ki yi mini godiya wurin manya, ki ba su haƙuri. Wallahi kewarki tana damuna, kullum raina yana Legas. Amma ba zan dawo ba.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya saka miki da alheri. Ni kuma ki roƙa mini ya ba ni ko mutum ɗaya da za ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

Taki har kullum,
Hadiza