Na Buɗe Ɗakin Ƙwallon Turawa

Wahabu, kar ka ƙara ce mini za su kore ka. Turawan naka sun gudu tun farkon yajin aiki. Makullin ɗakin sikwash, inda suke buga ƙwallo a bango, ni na zare kana barci.

'Yan'uwanmu da suka tsero daga Lome suna ciki. Jan layin ƙasa da kake wa fenti ya yi rana. Mata suna gaba wajen babban bango, maza a baya, layin tsakiya ya raba Huseini da surukinsa. Ba taga, ƙofa ɗaya ce, harsashi sai ya yi sallama.

Na tafi garin Dapaong ɗauko 'yar'uwarmu Zenabu. Ka kai musu ruwa, kar a hura wuta kan katakon daɓen.

Mai gadi ya ce ɗakin na mutum biyu ne. Na ce, "Biyu masu faɗa da bango. Waɗannan barci kawai suke so."