Lalas a Cinyar Goɗiya

Zuwa ga Yaya Iliyasu,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na ɗauki alƙalami ne saboda wani abu da ya shige mini duhu, kuma kai kaɗai ka san amsarsa.

Za ka tuna zamanmu a Alƙahira, muna aiki a ofishin jakadancinmu, gidajenmu na kallon juna a unguwar Dokki. Za ka kuma tuna Bajamushen injiniyan nan na unguwar Ma'adi, wanda kake zuwa wurinsa duk Juma'a bayan masallaci don ka hau baƙar goɗiyarsa. Da zai koma ƙasarsu, sai ya ce ya bar maka ita kyauta.

Ni ka ɗauka in duba maka ita, domin a gidan dawaki na tashi. Na shafa ta, na ga tabon wuta a cinyarta ta hagu. Na ja ka gefe na ce an yi mata lalas, kuma a wurinmu ba a ɗora wa doki ƙarfe mai zafi sai yana da ciwo. Na ce mutumin nan jinya zai bar maka. Sai ka ce, "Khalas, shi ke nan, Haladu, kai ka san doki." Ka mayar masa da kyautarsa. Har yau ina ganin fuskarsa.

Bayan ka koma gida da shekaru, na tsinci wani littafin dawakin Jamus a wurin masu tsofaffin littattafai kusa da kasuwar Ataba. A nan na ga Jamusawa ba da launi suke kiran doki kamar mu ba, da asalinsa ne. Akwai na Hanoba da na Holstain na hawa da tsalle, akwai ƙattin jan kaya da suke kira masu sanyin jini, akwai ƙananan ƙuru. Kowane iri da tambarin da ake ƙona masa. Na ga na goɗiyarka, mai kama da ƙaho mai rassa, na irin da ake kira Tirakena. Ashe shaidar asali ce na kira ciwo.

Kunya ta hana ni gaya maka. Mun haɗu sau nawa, na yi shiru.

Makon jiya 'yarka Hajara ta kawo mini littattafan da ka yi wasiyyar a ba ni. A cikinsu akwai irin wannan littafin, an naɗe gefen shafin nan, an zagaye tambarin da jan biro.

Yaya, yaushe ka sani? Idan bayan ka dawo ne, me ya sa ba ka taɓa yi mini ko da zolaya ba? Idan kuwa tun ranar nan ka sani, to, goɗiyar da kake so ka bari don kada ka ƙaryata ni a gaban baƙo? Na juya shafin gaba da baya, ba ka rubuta kwanan wata ba. Kuma ban san ko ka bar mini shi don tuni ba ne, ko don in san ka yafe.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu a Aljanna in ji daga bakinka.

Ƙaninka da bai san doki ba,
Haladu