Inna, Ga Labarin Yaya Hamadu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan rahamar Allah tana tare da ke a makwancinki, na zo miki da labarin Yaya Hamadu.

Kin tuna shekarar da ya dawo daga Ngawundere ya rufe kansa a ɗaki? Ya ce rediyon maƙwabta yana kiran sunansa. Yana amsa wa mutanen da ba mu gani. Ke kuwa kika ɗora wa kanki laifi, saboda ranar da ya bar makaranta ya bi manyan motoci kin ce masa cikin fushi, "Je ka, za ka gani." Har kika bar duniya kina cewa bakinki ne ya kama shi.

Bayan rasuwarki na kai shi asibiti a nan Garwa. Likitar, wata 'yar Marwa mai haƙuri, ta zana mana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa biyu a takarda, da ɗan rata a tsakaninsu. Ta ce ɗaya tana aika wa ɗaya saƙo ta wani sinadari, mai karɓa kuma ta miƙa shi can ciki, hannu zuwa hannu. A wajen Yaya wani saƙon yakan yi yawa, wani ya yi rauni, sai tunaninsa ya zo masa kamar muryar wani. Ta ce masana ba su gama gane ciwon ba, amma akwai maganin da ke sassauta shi.

Na tambaye ta, "Maganar uwa tana jawo wannan?"

Ta ajiye biro ta ce, "A'a, 'yar'uwa. Ko kusa."

Inna, a gabanta na fashe da kuka.

Yanzu shekara huɗu ke nan yana shan magani. Ya yi ƙiba, kuma tashin safe yana ba shi wuya. Amma yana gyaran keken ɗinki a kasuwa, ran kasuwar Ngong ma har can ake kiransa. Muryoyin sukan leƙo jefi-jefi. Sai ya ce min, "Baƙin nan sun zo, amma yau aiki gare ni."

Jiya na yi miyar yakuwa. Ya cinye, ya ƙara, ya suɗe hannu, sannan ya ce ba ta kai taki ba. Na bar masa, don gaskiya ya faɗa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya miki, Ya haɗa mu a Aljanna. Ki huta, Innata. Ɗanki yana lafiya.

Taki har kullum,
Autarki, Fadimatu