Barandar Kakan Rachael

Greensboro, 3 ga Maris

Zuwa ga Mamana, Hajiya Bebi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar taki?

Mun tashi daga gidan hayarmu na titin Gate City, mun sayi namu a wata tsohuwar unguwa kusa da tsakiyar gari. Kada ki yi dariya, Mama: gidan katako ne, shekararsa ɗari da talatin. Su shida ne a jere, kowanne da baranda mai sassaƙa kamar zanen ƙwarya. Ga hoto nan.

Likita ta ce haihuwar sai watan Yuli. Ɗakinki na jiranki.

Autarki,
Khairiyya

Kano, 20 ga Maris

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi.

Na ga hoton. Shekara goma a Amurka, ku rasa abin saye sai gidan da ya girmi kakana? Mu nan in mutum ya samu, rushe tsoho yake yi ya zuba siminti. Sannan ina katangar? Ƙofa a bakin titi, mai wucewa yana ganin abin da ke tukunyarki! Ni ba zan yi miki zaman jego a tsakiyar kasuwa ba. A ja katanga, in ba haka ba ina nan Kano.

Amma dai ki gaya mini, me suke gani a jikin tsohon katako? Abin ya tsaya mini a rai.

Allah ya raba lafiya.
Mamanki

Greensboro, 9 ga Afrilu

Mama,

Ina gaisuwa, a gaida mutanen gida.

Maigidan ya nemi izinin katanga. Ashe unguwar tana da kwamitin kula da tsofaffin gidaje, ko taga ba a canzawa sai sun sa hannu. Sun ƙi. Ya ce to zai dasa itatuwa masu duhu su rufe gaban gidan, wannan ba su hana ba.

Tambayarki kuma ta sa na tare wata tsohuwa, baƙar fata, sunanta Rachael. Kullum da hantsi sai ta tsaya da sandarta tana kallon barandarmu, har na fara zarginta. Ta ce, "'Yata, kakana ne ya sassaƙa wannan, wata bakwai yana kai. Ranar da ya gama, ta ƙofar baya aka sallame shi, don shi baƙar fata ne. Bai taɓa zama a kanta ba." Ta ce ba su da hotonsa, ba su san kabarinsa ba. Na ce ta hawo ta zauna, ta ce a'a, kallon ya ishe ta.

Na yi kuka, Mama. Amma ina tsoron ranar nan ta zo ba kya kusa. In kin ce a dasa, za a dasa.

Taki,
Khairiyya

Kano, 25 ga Afrilu

Auta,

Na amsa gaisuwa.

Kada wanda ya dasa komai. Ina tafe farkon Yuni, in sha Allah. Ki ce wa baiwar Allahn nan ba na jin Turanci kuma ƙafata ba ta son tsayuwa, don haka in tana son mu gaisa, dole ta hawo ta zauna.

Allah ya yi miki albarka.
Mamanki