Siket Biyu a Gindin Triglav

Mojstrana, Satumba 1927

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ciwon gwiwar nan kuma ya yi sauƙi. Ki gaishe da Baba, amma kada ki karanta masa wannan tukuna.

Autarki Jerica ta hau bangon arewa na dutsen Triglav ita da ƙawarta Minka, babu namiji ko ɗaya a igiyarsu. Na yi magana har na gaji, kin dai san taurin kanta. Kamar sauran mata masu hawa, da siket suka ratsa gari saboda bakin mutane, a gindin bangon suka cire suka danne da dutse, suka hau da wando. Da siket ɗin ake gane ko sun sauko: in siket na nan, mai shi tana sama.

Hadari ya taso, ƙanƙara ta zuba. Na roƙi Tinče, jagoran masu hawa, ya je ya duba. Ya dawo yana dariya, wai babu siket, sun sauko tuni, suna wani ƙauyen suna cika baki. To in sun sauko, me ya hana ta zuwa wurina? Na kasa cin komai.

'Yarki,
Rozalka

Mama,

Ina sake gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Da na je sayen madara gidan tsohuwa Neža, matar makiyayi, sai ga siket biyu a shanye bakin murhu. Ta ce mini, “'Yar nan, jiƙewa suke yi a gindin bangon, na ce bari in busar wa yaran.” Ashe har yanzu suna sama! Ban san na iya ihu haka ba. Da Tinče ya ji, ya saɓi igiya, maza suka bi shi.

A wata 'yar baranda ta dutse suka same su, ƙanƙame da juna. Minka da ƙafarta ta sauko, Jerica kuwa ɗauko ta aka yi. Tana da rai, Mama. Sanyi ya ci yatsu biyu na hannunta na dama, likita ya ce sai an cire, kuma zazzaɓin da ke jikinta bai yi masa daɗi ba. Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Na shirya faɗa cike da baki. Da ta buɗe ido sai ta ce, “Yaya, mun kai har sama. Kin gaya wa Mama?”

Ga shi na gaya miki. Ki biyo jirgin ƙasa na safe.

'Yarki mai kewarki,
Rozalka