Ladan da Baƙon Ƙasar Ƙanƙara

Unguwar Hindawiyya, Makka, daren Talata, Zulhajji 1386

Yau ma muryata ta shaƙe a kiran Asuba. Har na gaya wa matata Hajara zan bar ladancin, tsufa ya zo.

Bayan La'asar wani alhaji baƙo ya zauna a masallacinmu, zafi ya galabaitar da shi. Na kawo masa ruwa da ƙanƙara. Ya riƙa juya ƙanƙarar a tafinsa yana murmushi. Da guntun Larabcinsa ya ce shi masanin yanayi ne, ya yi aiki a ƙarshen duniya ta kudu. Wai a can, mutanen Rasha da Amurka da sauransu sun ajiye gaba, suna auna iska da ƙanƙara, suna aika wa juna sakamako ta rediyo. Wata da watanni rana ba ta faɗuwa.

Na ce, "To Alhaji, yaya kake sallah?"

Ya ce, "Da lokacinku, Baba. Wani ɗan Rasha, wanda ba ya ko sallah, shi ke duba agogo ya taɓa kafaɗata ya ce Makka ta yi kira."

Ni da nake ganin ko ƙarshen lungunmu muryata ba ta kaiwa.

Hajara ta dafa mini citta da zuma. Na ce ta tashe ni da wuri.